Tsohon Honda CB350 ya ƙi zama a silo: kafireta ce ko wuta?

Auwalu350:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin babura. Ina da Honda CB350 ƙirar 1972, mai silinda biyu da kafireta biyu, kuma har yanzu da kwantak (ɗan makunnin da ke buɗewa da rufewa ya ba fulogi wuta) yake aiki, ba a mayar da shi na lantarki ba. Ya daɗe a ajiye kafin ya zo hannuna. Na zubar da tsohon fetur, na wanke tanki, na sa sababbin fulogi. A kan hanya ba shi da laifi, yana ja yadda ya kamata.

A silo matsalar take, wato lokacin da injin yake aiki ba a ja totur ba. Idan injin ya yi sanyi sai da cok yake tashi, ina cire cok ɗin ya mutu. Idan kuma ya yi zafi sai ya sake hali: in na saki totur, maimakon ya sauko, sai allurar agogon juyin injin ta maƙale a wajen 3,000, ya yi ta ihu, can ya gangaro a hankali har ya mutu. In na ɗaga silo don kar ya mutu, ihun ya ƙaru. In na rage, ya mace min a danja. Bakaniken da ya duba ya ce kafiretocin sun gama aiki, sai dai a sake su. Ni kuma ba na son rabuwa da na asali. Ta ina zan fara?

MaiTotur:
Wa alaikumus salam. Silo-jet ne, wato ɗan bututun da ke ba da mai a silo, ya toshe, ba wani abu ba. Babur da ya kwana da fetur a ciki wata da watanni, man bushewa yake ya zama danƙo. Ramin silo-jet bai kai rabin milimita ba, shi yake fara toshewa. Shi ya sa yake son cok: cok yana rage iska, sai ɗan man da ke samun wucewa ya ishe shi. Buɗe, wanke, ka dawo ka ba mu labari.

Ɗanlami_K:
Na yarda da MaiTotur a kan zancen cok. Amma toshewar jet ita kaɗai ba ta cika sa babur ya maƙale a 3,000 ba. Wannan kam iska yake sha ta wani wuri. Duba robobin da ke haɗa kafireta da kan injin. In na asali ne sun haura shekara 50, sun yi tauri sun tsattsage, wani tsagin ma ta ƙasa yake inda ido ba ya kaiwa. Tayar da babur, ka fesa maganin wanke kafireta a jikin robar kaɗan-kaɗan. In ƙarar injin ta canza, to ka kama ɓarawon.

Ummi_Z:
Don Allah in za ka yi gwajin nan na Ɗanlami, ka yi shi a fili, ba cikin ɗaki ba, kuma abin kashe gobara yana kusa da kai. Maganin nan kama wuta yake, ga salansa da zafi, ga kwantak yana tartsatsi a gefen kan injin. Ni ruwa nake zubawa a kwalbar feshi. Idan akwai tsagi za ka ji injin ya ɗan sarƙe ya rage gudu. Bai kai maganin nunawa a sarari ba, amma hankalinka a kwance.

Baba_Sifana:
Malam Auwalu, sannu da ƙoƙari, kuma ka kyauta da ba ka yarda an cire kafiretocin ba. Kafiretocin Keihin ɗin da ke kan wannan babur ba sa gama aiki haka kawai, gyaruwa suke.

Sai dai ina ganin duk kun fara daga ƙarshe. Kafireta ita ake taɓawa bayan an gama da komai, domin tana auna mai ne gwargwadon yadda injin yake zuƙar iska. In bawul bai rufe daidai ba, zuƙar ta yi rauni. In wuta ba ta zuwa a kan lokaci, man ba ya ƙonewa yadda ya kamata. Kana iya wuni kana juya sukurun kafireta, ka samu ya zauna na ɗan lokaci, injin yana yin zafi ya watse.

Ga yadda nake bi. Da farko a ɗaure sarkar taimin. Sai bawul, injin yana sanyi ƙalau, wanda ya kwana bai tashi ba: na shigar iska 0.05 na milimita, na fitar hayaƙi 0.10. Sai tazarar kwantak, tsakanin 0.3 da 0.4. Sai taimin, silindar hagu a alamar LF, ta dama a alamar F, kowacce da nata kwantak ɗin, kowacce a saita ta daban. In an gama waɗannan, sannan a zo kan kafireta, a nemi silo wajen 1,100 zuwa 1,200.

Bawul ɗin nake so ka kula da shi musamman, saboda ka ce halinsa yana canzawa da zafi. Bawul da aka matse, in ƙarfe ya ɗau zafi, ba ya komawa ya zauna a mazauninsa sosai, sai matsi ya riƙa zurarewa. A gudu ba za ka ji ba. A silo, inda injin yake juyawa a hankali, nan zai nuna.

MaiTotur:
Baba, da girmanka, amma mutum ya ce babur ya daɗe a ajiye. Ajiya ba ta matse bawul, ba ta kuma karkatar da taimin. Jet take toshewa. Me zai sa ya kwance rabin injin alhali aikin awa ɗaya ne?

Baba_Sifana:
Ba kwance injin ba ne, ɗana, murafu ne kawai ake buɗewa. Kuma ka tambayi kanka me ya sa aka ajiye shi tun farko. Sau da yawa babur ba ya shiga ajiya da lafiyarsa, wani abu ne ya dami mai shi har ya jingine shi. Ban ce jet bai toshe ba, ina ma kyautata zaton ya toshe. Cewa na yi kar a saita kafireta a kan injin da ba a san lafiyar bawul ɗinsa ba.

Auwalu350:
Na gode ƙwarai. Baba, ina da fila-geji na auna tazara, zan auna bawul gobe in Allah ya kai mu. Wani abin da ban faɗa ba: wanda ya riƙe shi kafin ni ya cire akwatin filtar iska, ya ɗaura ƙananan filtocin nan masu kama da mazurari a bakin kowace kafireta. Ko wannan yana da nasaba?

Injiniya_Sabo:
Yana da ita sosai, kuma da shi ya kamata ka fara ba mu labari. Kafiretar CB350 irin wadda matsin iska ke ɗaga fistin ɗin cikinta ce. Wayar totur faifai kawai take buɗewa, shi kuma fistin ɗin da ke riƙe da allura yana tashi ne da bambancin matsin iska, ta hanyar wata roba mai laushi a samansa. An auna jet-jet ɗinta ne da akwatin iska na asali. In ka cire akwatin, iska ta fi yawa, mai ya yi kaɗan. Wani abin kuma, wasu daga cikin filtocin nan suna da leɓen roba a ciki da ke rufe ƙananan ramukan iska na bakin kafireta. Cire ɗaya ka leƙa, ka ga ko leɓen ya hau kan ramukan. In za ka iya samun akwatin asali, mayar da shi kafin ka saita komai.

Sani_Rodi:
Ni dai robar saman nan da Injiniya ya ambata nake zargi. Nawa da ta yage haka ya riƙa yi min wasa.

Injiniya_Sabo:
Malam Sani, yagewar wannan robar a wajen jan totur take nunawa, babur ya kasa ɗaukar gudu ko silinda ɗaya ta yi ta jan ƙafa. A silo fistin ɗin yana ƙasa a zaune, ba ruwansa da aikin, ƙaramar hanyar silo ce ke ba da mai. Auwalu kuwa ya ce a hanya lafiya lau. Amma tunda zai buɗe, ba laifi ya ɗaga robar ya haska ta da fitila, ya kuma tabbatar fistin ɗin yana sauka da kansa ba ya maƙalewa.

Nura_Wayarin:
Kowa yana zancen mai da iska, bari in yi na wuta. Abu biyu.

Na farko batir. Wannan babur daga batir kwayil yake samun wuta, kuma cajinsa a silo ba shi da ƙarfi, sai injin ya ɗan ɗaga yake fara mayar wa batir abin da ya ci. In batirin ya gaji, ga fitila a kunne, ga ka taka birki a danja, wutar da ke zuwa fulogi sai ta yi rauni ya mutu. Auna shi bayan ya huta: lafiyayye yana nuna wajen bolt 12.6. In ya yi ƙasa da 12, kar ka ɓata lokaci a kan kafireta tukuna.

Na biyu, kuma shi na fi zargi a kan maƙalewar nan ta 3,000. A bayan farantin kwantak akwai wata na'ura mai ƙarafa biyu da ƙananan sifirin biyu. Idan injin ya ɗau gudu, ƙarafan suna buɗewa su gabatar da wuta, idan ya sauko sifirin ya jawo su su rufe. To in tsohon giris ya bushe a ciki, ko sifirin sun saki, ƙarafan ba sa komawa. Wuta ta tsaya a gaba, injin ya ci gaba da gudu, gudun kuma ya ci gaba da riƙe ƙarafan a buɗe. Gwajin mai sauƙi ne: idan ya maƙale a sama, sa giya, riƙe birki, ka ɗan saki kuloci har gudun ya faɗo, sannan ka sake riƙe kulocin. In ya zauna a ƙasa bai koma sama ba, je ka duba na'urar nan. Ka kama kam ɗin, wato ƙarfen da ke juyawa yana buɗe kwantak, ka murɗa da yatsa, ya kamata ya dawo da kansa nan take.

Ɗanlami_K:
Nura, gwajin kulocin nan yana da kyau, amma bai raba gardama gaba ɗaya ba. In an ɗaga sukurun silo da yawa, faifan totur yana buɗewa har ya wuce ƙananan ramukan da ke gabansa, mai ya riƙa fitowa ta can. Shi ma irin wannan maƙalewar yake yi, kuma shi ma in ka danne shi da kuloci yakan zauna. Auwalu da bakinsa ya ce yana ɗaga silo don kar ya mutu. Wato hanyar silo ta toshe, an biya bashin da buɗe faifai, shi ne idan ya yi zafi yake gudu.

Nura_Wayarin:
Haka ne, wannan ma yana yi. Sai dai duba na'urar tawa ba ya cin minti goma, kuma ko ba ita ba ce tana bukatar a wanke ta a ɗiga mata mai.

Kabiru_CDI:
Ni ban ga dalilin wahala da kwantak a wannan zamani ba. Sa na lantarki ka huta. Ba tazara, ba gogewa, ba kwandansa.

Baba_Sifana:
Ba na ƙin na lantarki, Kabiru, yana da amfaninsa. Amma ka sani wasu daga cikinsu a kan na'urar da Nura ya bayyana suke hawa, in ta maƙale matsalar tana nan. Kuma mutum bai san ciwon ba tukuna. In ya canza abu uku a rana ɗaya babur ya gyaru, bai san wanne ya gyara ba. In ya ƙara lalacewa, bai san wanne ya ɓata ba. Ɗaya bayan ɗaya, a gwada tsakaninsu.

Kabiru_CDI:
To Baba, na ji. Amma in ya gama ya zauna lafiya, shawarata tana nan.

Auwalu350:
Ga abin da na samu. Batir 12.5, don haka ina ganin ba shi ba ne. Bawul na hayaƙi a silindar hagu a matse yake, ko fila-geji na 0.05 bai shiga ba. Sauran ukun ba su yi nisa ba. Na saita duka, na gyara tazarar kwantak, na yi taimin da ƙwan fitila. Na'urar da Malam Nura ya faɗa kuwa da na murɗa ta sai ta dawo a hankali kamar ba ta so. Na ciro ta, ga giris ya zama baƙi ya bushe, na wanke na sa mata mai, yanzu tana dawowa da ƙarar ƙas.

Maƙalewar ta ragu sosai, yanzu yana tsayawa kaɗan a wajen 2,000 sannan ya sauko. Amma har yanzu sai da cok yake zama idan da sanyi. Kuma na lura a silo salansar dama tana zafi da wuri, ta hagu kuwa ɗumi-ɗumi kawai. Na ɗiga ruwa a wuyan kowacce, ta dama ta yi cuu, ta hagu ruwan gangarewa ya yi.

MaiTotur:
Ka gani ko! Silindar hagu ba ta samun mai a silo, a kan ƙafa ɗaya yake tsaye. Mun dawo kan jet ɗin da na faɗa tun farko.

Ummi_Z:
Kafin ka yanke hukunci, musanya fulogin, na hagu ya koma dama. In sanyin ya bi fulogi, ka san inda yake. Sabon fulogi ma yana zuwa da matsala, balle wanda ya sha cok da yawa ya yi baƙi. Ka kuma duba kalarsu: baƙi mai laushi kamar toka mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan, jiƙaƙƙe da fetur kuma mai yana zuwa wuta ce babu. Wannan babur NGK B8ES yake ɗauka, tazara 0.7 zuwa 0.8.

Auwalu350:
Na musanya, Hajiya, sanyin yana hagu bai motsa ba. Fulogin hagu a bushe yake, ba jiƙa ko kaɗan. Zan sauke kafiretocin.

Baba_Sifana:
Madalla, yanzu lokacinta ya yi. Ka buɗe ɗaya ka gama da ita kafin ka taɓa ɗayar, don kar kayan su cakuɗe, kuma ka samu ta dubawa in ka manta mazaunin wani abu.

Wanke jet kawai ba ya isa. Ka ciro silo-jet ka ɗaga shi sama wajen haske, dole ka ga rami zagayayye tas, har da ƙananan ramukan gefensa. Amma hanyar da ke cikin jikin kafiretar ita ce aka fi mantawa. Ciro sukurun da ke daidaita mai da iska, ka kula da ɗan sifirin ɗinsa kar ya ɓace. Kafin ka ciro shi, murɗa shi ciki a hankali har ya taɓa, kana ƙirga zagayen, ka rubuta, kar ka matse don bakinsa siriri ne. Sannan ka fesa magani ta mazaunin jet ɗin, ka ga ya fito ta ƙananan ramukan da ke cikin maƙogwaron kafireta dab da bakin faifai. In bai fito ta kowannensu ba, ba ka gama ba. Ka bi da iskar kwamfiresa. Ka cire robar sama da duk zobban roba kafin fesawa, maganin yana kumbura su. Ka sa tabarau, yana dawowa ido.

Kar ka zura allurar ɗinki ko wayar ƙarfe a jet. Tagulla ce, tana da laushi, kana faɗaɗa ramin ka yi gyaran gangar auzinawa. In dole ne, silin waya ɗaya na jan ƙarfe mai laushi ya isa.

Ɗanlami_K:
Ƙari a kan na Baba: duba fulot, wato abin da ke yawo a kan mai cikin kofin kafireta. Girgiza shi kusa da kunnenka, in ka ji ruwa a ciki ya huje. Tsayinsa kuma ya danganta da lambar da aka buga a jikin kafiretar, ba duk CB350 ne ɗaya ba, don haka ka duba lambar taka kafin ka lanƙwasa komai. In man cikin kofin hagu ya yi ƙasa, silo-jet ne zai fara jin ƙishi. Sannan har yanzu ban ji ka ce ka gwada robobin ba. Akwai kuma inda sandar faifan totur take ratsa jikin kafireta, in wurin ya cinye yana shan iska ta nan.

Sani_Rodi:
Shin man da ake gauraya shi da itanol ba ya cikin abin da ke jawo wannan? Na ji ana cewa yana cin roba.

Injiniya_Sabo:
Inda ake sayar da irinsa, e, yana da tasiri. Itanol yana jan danshi daga iska, kuma tsofaffin tiyo da zobban roba ba a yi su don shi ba. Amma ko fetur zalla ne, in ya daɗe a kofin kafireta zai bar danƙo. Maganin duka ɗaya ne: in za ka ajiye babur, rufe famfon mai, ka zubar da na cikin kofunan ta sukurun ƙasa. Auwalu, tunda tankin ya taɓa zama, buɗe ɗan kofin da ke ƙasan famfon mai ka duba rariyarsa. In garin tsatsa yana zuwa, jet ɗin da ka wanke yau zai sake toshewa.

Auwalu350:
Na sauke, na wanke yadda Baba ya ce. Silo-jet na hagu a toshe yake ɗam, haske ba ya wucewa ko kaɗan. Na dama rabi-rabi. Kofin famfon mai kuwa akwai jan gari a ƙasansa. Na mayar, yanzu yana zama ba cok bayan ɗan ɗumi, kuma salansa biyun suna zafi tare. Na rage sukurun silo da yawa daga inda suke.

Saura abu ɗaya. In na ja totur na saki, wani lokaci ya sauko daidai, wani lokaci ya ɗan rataye kafin ya faɗo. Da na fesa ruwa a robar hagu kamar na ji sauyi, amma ban tabbata ba.

MaiTotur:
To alhamdu lillahi. Jet ne dai.

Nura_Wayarin:
Jet ne ya jawo matsalar cok, MaiTotur, amma ihun 3,000 ya ragu tun kafin ya taɓa kafireta. Koma ka karanta.

Baba_Sifana:
Ratayewar da ta rage, duba wayoyin totur. A wannan babur waya ɗaya ce ta rabu biyu, kowace kafireta da reshenta da kuma sukurun silonta. Dole kowane reshe ya kasance da ɗan sako-sako idan totur yana rufe, kuma su fara ja a lokaci guda. Sa yatsa a kan hannun faifan ɗaya, idonka a kan ɗayan, ka murɗa totur a hankali, ka ji ko tare suke motsi. Ka kuma juya kan babur hagu da dama yana silo. In gudun ya canza, wayar ta ɗame ko an bi da ita ta inda bai dace ba. Daga nan sai ka sa tafin hannu a bayan kowace salansa, ka daidaita sukurun silo har bugun ya zo ɗaya.

Ɗanlami_K:
Ni dai in robar ta sa ka kokwanto, sake su duka biyun. Roba mai wannan shekarun ko ba ta tsage yau ba, cire kafireta da mayarwar da ka yi ya isa ya buɗe ta.

Injiniya_Sabo:
Kuma filtocin nan suna nan ko? Muddin suna kai, saitin da ke littafin babur ba zai zo maka daidai ba.

Auwalu350:
Suna nan, Injiniya, ina neman akwatin asali ban samu ba tukuna. Robobin na ba da saƙo a kawo min. Kafin su iso zan bi wayoyin totur yadda Baba ya ce. Malam Ɗanlami, idan zan sa sababbin robobin, ana shafa wani abu a fuskar da ke manne da kan injin, ko gasket ɗin kaɗai ya wadatar?